Miyar Watan Uku

Dusik na tsugune a tsakar gida yana juya barkonon da matarsa ta shanya, sai ya ji kukan keken 'Yar Hadong ya tsaya a ƙofarsu. Keken jarirai ne, irin wanda tsofaffin matan ƙauyen Solgol suke turawa suna dogarawa tun da gwiwoyi suka ƙi. Nata ƙafa ɗaya ta karkace, in ta taso ana jin ta tun daga bakin gada. Yau ba kabewa a ciki, ba dankali, sai tubalin da take ɗorawa don kada keken ya gudu ya bar ta.

"Ɗan nan, an ce kai ne mai rubuta mutane."

"Ni ne, Inna. Ki zauna mana, na ga kina haki."

"Yau ka san haki? Ranar da za a haife ka ni na hau tudun nan da gudu kiran ungozoma, ban ji ka yi min sannu ba."

Dusik ya yi dariya ya share mata bakin dakali. Ya ba sittin baya, kansa ya yi fari fat, amma a wurinta har yanzu ɗan nan ne. Matar ɗan'uwan babansa ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu, katangar ma ba ta wuce ƙirji ba. Tun da aka kawo ta amarya ake kiranta da sunan garin da ta fito, kamar kowace matar aure a Solgol. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya Yongdal yana can Busan da iyalinsa, ita kuwa ta ce ba mai fitar da ita daga ɗakinta sai masu ɗaukar gawa.

Maganar rubuta mutane kuma gaskiya ce. Danginsu na Bong sun tashi sake buga littafin zuri'arsu, wanda ba a taɓawa sai tsara ta wuce, kuma Dusik aka damƙa wa tattara sunayen gidajen Solgol tunda ya bar aikin gidan waya yana zaune. Ya riƙi abin da hannu biyu, har da sayen sabon tabarau. Abin da ya fi yi masa daɗi shi ne bana 'ya'ya mata za su shiga da sunayensu, ba da na mazajensu ba kamar da. Shi ya yi ta fama da manya har suka saki, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a zauren tsofaffi sai ya ji labarin, ko ya so ko bai so ba.

"An ce har 'ya'ya mata za a sa."

"Har jikoki mata, Inna."

"To, ina da 'ya."

Dusik ya dube ta ta saman tabarau. A ransa ya ce shi ke nan, tsufa ya fara taɓa kan. Ya sassauta murya ya tuna mata cewa Yongdal ai namiji ne.

"Na san abin da na haifa," in ji ta. "Wannan miyar da nake ɗora muku a kan katanga duk watan uku, ka taɓa tambayar ta wace ce? Kai dai ka shanye ka dawo da kwano."

Bai taɓa tambaya ba. Tun yana yaro, duk lokacin da jajayen furanni suka rufe dutsen bayan gari, da safe za a tarar da kwanon miyar ganyen teku a kan katanga, yana tururi. Miyar ranar haihuwa ce, kowa ya sani, shi ya sa ya ɗauka tata ce. Ashe shekara da shekaru yana shan miyar wata daban ne bai sani ba.

Ta ba shi labarin tana kallon barkono, ba ta dube shi ba. Yarinya ce, ta riga Yongdal zuwa. An haife ta a watan uku, ta yi ɓulɓul, tana da ɗan lotsawa a kumatun hagu. Da damina ta kankama zawo ya shiga gari, ya kwashe yara, ita ma ya haɗa da ita. Mijin ya sa ta a tulun ƙasa ya goya, ya hau dutse shi kaɗai, ya dawo hannu wofi. Ba a barin uwa ta bi, ba a kuma gaya mata wurin. Ɗan da ya riga iyayensa tafiya ba shi da tudun kabari, ba a jera masa abinci ranar tunawa da magabata, ba shi da layi a littafi. Da ta ga an hana ta ranar mutuwar, sai ta riƙe ranar haihuwar.

Dusik ya tambaya ko an kai ga sa mata suna.

An sa. Surukarta ta sa mata na banza, irin wanda ake laƙaba wa jarirai don mutuwa ta raina su ta wuce. Ita kuwa, yarinya ce a lokacin, zuciyarta ta ƙi. Ta zaɓo wani mai daɗi ta ɓoye, sai tana shayarwa take raɗa mata shi a kunne. Rannan surukar ta shigo ɗaukar dutsen guga ta ji. Ba ta ce komai ba sai ranar da tulu ya fita daga gidan. A ranar ne ta ce, a gaban kowa, ke kika ƙawata ta har aka gan ta. Tun daga nan sunan bai ƙara fita daga bakin 'Yar Hadong ba, ko mijinta har ya mutu bai ji shi ba.

"Yau zan faɗa maka, ka rubuta."

Ta goge baki da bayan hannu, ta gyara zama, ta miƙe bayan nan nata da ya daɗe bai miƙe ba. Dusik ya ɗaga hannu.

"Dakata, Inna."

Baba Manho ne ya faɗo masa a rai, shugaban dangi, tsoho mai kaifin harshe da ya kusa fasa taro kan maganar 'ya'ya mata. Da ƙyar aka shawo kansa. Yanzu kuma a koma masa da jaririyar da ko lokacin kaka ba ta kai ba? Dusik ya hango yadda za a kwashe da dariya, a ce gobe kuma sai ya kawo karnukan gidan. Ya kuma gaya wa kansa cewa tausayi ne ya sa: in ta fitar da sunan bayan duk shekarun nan manya suka ƙi, ai an ƙara mata ciwo. Duka biyun suna ransa, amma tsoron dariyar ya fi nauyi, kuma ya san da haka.

"Ki riƙe shi tukuna. In na samo izinin manya, zan zo har ɗakinki da takarda."

Ta daɗe tana kallonsa. Bayan nata ya koma ya lanƙwashe yadda yake.

"Riƙo ba ya ba ni wuya, na saba. Kai dai ka dube ni da kyau, ba kullum nake nan ba."

Ta dafa keken ta miƙe, ta fita, yana kuka har ta shige gida.

Daga nan sai uzuri ya riƙa haifar uzuri. Aka shiga yankan shinkafa. Aka gama, aka shiga sussuka. Watan goma ya kama, dangi suka taru daga birane don gaida kaburburan magabata, aka zauna taro bayan an ci an sha. Nan ne wurin maganar, kuma Dusik ya je da ita a baki. Sai rigima ta kaure kan hoton wa za a sa a shafin farko, Baba Manho ya buga sanda a ƙasa, ya kira wani ƙanensa ɗan shekara tamanin yaron banza. Dusik ya buɗe baki, ya ga idon tsohon ya juyo kansa, sai ya cika bakin da giyar shinkafa.

Kullum da safe kan 'Yar Hadong zai leƙo ta saman katanga, da ɗan kallabinta.

"Mai rubutu, ya aka ji da manya?"

"Ana nan ana dubawa, Inna."

Matarsa Malsun ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ta tambaye shi a ina ake dubawar, tunda ita dai ba ta ga ya taka ƙofar Baba Manho ba. Ta ce mutumin da ya yi shekaru yana kai wa mutane saƙo har bayan dutse cikin ƙanƙara, yau saƙo ɗaya ya gagare shi tsallaka gada. Ya ce mata ba ta san manya ba, abu ne na lallaɓawa. Ta ce ta san su sarai, ita take wanke kwanukansu. Abin kunya, har ya koma fita ta ƙofar baya, ta cikin gonar albasa, in ya ji kukan keke.

Lokacin jiƙa kabejin hunturu, mata suka taru a gidan tsohuwar suna cusa yaji, hannuwa jajur. Malsun ta matsa kusa da ita ta ce ta raɗa mata sunan, ita ta ajiye, tunda namijin nata sai a hankali. 'Yar Hadong ta tura mata ganye a baki ta ce ta ɗanɗana gishiri.

"Ba na hira ba ne, 'yar nan. Sau ɗaya zan faɗe shi, a gaban takarda."

Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka, kan tsohuwar bai leƙo ba. Dusik har ya ji sanyi a ransa, abin da ya daɗe yana tuna wa kansa daga baya. Sai da hantsi Malsun ta leƙa ta katanga, ta ga keken tsaye a tsakar gida shi kaɗai, tsohuwar kuma kwance a gefen randunan miya, murfi ɗaya a hannunta. Motar asibiti ta zo ta ɗauke ta. Likita ya ce jini ne ya toshe a kai. Ɓarin dama ya mutu, harshe ma haka.

Daga asibitin Dusik bai biya gida ba. Ya tsallaka gada ya nufi gidan Baba Manho da shirin faɗa, yana tafe yana jera maganganun da zai mayar in an zage shi. Ya tarar da tsohon zaune a daɓe mai ɗumi, bargo a gwiwa, yana ɓare gasasshen dankali. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya zazzage maganar duka a numfashi ɗaya, ya tsaya jiran sanda.

Baba Manho ya cinye dankalinsa tukuna. Sannan ya nuna akwatin da ke lungu ya ce a ɗauko masa tsohon bugu, na zamanin kakansa, mai ɗinkin zare. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa, ya tsaya, ya juyo wa Dusik shafin. A ƙarƙashin sunan wani magidanci akwai ɗan gajeren layi, suna ne da alama guda a gefensa. Ya buɗa gaba, ga wani. Ga wani kuma.

"Ka ga wannan alamar? Ya tafi da wuri ke nan. Mutanen da suna sa su. Na baya ne suka daina, wai littafi ya yi kauri." Ya rufe. "Maza ne dai. Amma tunda ka riga ka cika mana littafi da mata, ita ma sa ta."

Dusik ya rasa inda zai sa maganganun da ya zo da su.

"Ni ma ina da biyu a dutsen nan," in ji tsohon, yana kakkaɓe ɓawo daga bargo. "Ba wanda ya taɓa tambayata. Yaushe ta gaya maka?"

"Tun ana shanya barkono, Baba."

"To me ka tsaya yi?"

Bai ɗaga murya ba, bai taɓa sanda ba. Da ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya je da takarda kamar yadda ya yi alkawari, da alƙalaminsa mai kyau, da sabon tabarau. An kwantar da ita kusa da taga, ta ƙanƙance a cikin rigar asibiti, ba kallabi. Ya sunkuya ya gaya mata manya sun yarda, tun da ma ana yi, shi ne bai tambaya ba. Idonta ya sauka a kan takardar ya tsaya. Ta ja numfashi, ta tattaro ƙarfinta duka, gefen bakin da ke da rai ya motsa. Abin da ya fito sauti ne kawai, dogo, ba kai ba gindi. Ta sake. Ta sake, har jijiyar wuyanta ta tashi, miyau ya gangaro. Malsun ta goge mata ta ce ta huta.

Ya sa mata alƙalami a hannun hagu, duk da ya san ba ta taɓa shiga aji ba. Ta riƙe shi kamar yadda ake riƙe cokali, ta dube shi, ta sake shi a kan bargo.

Malsun ce ta kawo dabarar kiran sunaye. Su riƙa faɗa, in sun dace ta matse hannu. Suka zauna ɗaya a kowane gefe suna jero sunayen 'yan matan wancan zamani, na yayyensu, na ƙawayen makaranta, na waɗanda suka yi aure suka bar gari. Okbun. Sunnye. Bokhi. Kotnim. Kowanne ta saurara har ƙarshe, sannan ta lumshe ido. Da suka ƙare Dusik ya fita baranda ya buga wa tsofaffin abokan aikinsa waya yana tambayar sunayen iyayensu mata, har wani ya ce ko zaɓe zai tsaya. Da ya rasa na faɗa sai ya ce, "Malsun?" Sunan da ake sa wa yarinya ne in gida ya gaji da haihuwar mata. Gefen bakin tsohuwar ya ɗaga, ƙirjinta ya girgiza. Dariya take yi. Malsun ta ce to ai ko a gadon asibiti ba a fasa raina ta ba, ta juya ta fuskanci bango tana share ido.

Yongdal ya iso daga Busan da yamma, da jakarsa a kafaɗa. Dusik ya ja shi gefe ya tambaye shi ko uwar ta taɓa ambatar sunan yarinyar, ko cikin barci, ko cikin zazzaɓi. Mutumin ya tsaya yana kallonsa.

"Wace yarinya, Yaya? Ina da yaya mace?"

Shi ma yana shan miyar tun yana yaro. Shi ma ya ɗauka ta uwarsa ce.

Dusik ya yi ta zuwa, kullum da sababbin sunaye a bayan takardar. Tun tana saurare har ta koma kallon taga. Zuwansa na ƙarshe bai kira ko ɗaya ba. Ya ce mata, "Inna, na yi miki laifi." Ta lalubo wuyan hannunsa da hannun hagu ta riƙe, riƙo mai ƙarfi, irin na mai tsallakar da yaro rafi. Ta daɗe ba ta saki ba. Har yau bai san ko yafiya ce ko tuhuma ba, kuma ba wanda zai tambaya. Ta cika kafin sabuwar shekara, da rana tsaka, Yongdal na gefenta.

Aka binne ta kusa da mijinta, a gangaren da ke kallon gari. Da masu haƙa suka tafi Dusik ya tsaya yana duban dutsen, itatuwa tsirara, duwatsu birjik, kowane tsibi kamar ɗan'uwansa. A ƙarƙashin ɗaya daga ciki akwai tulu.

Mai buga littafi ya kira shi daga birni ya ce akwai kuskure a gidan su Yongdal, an bar gurbin suna ba komai. Dusik ya ce ba kuskure ba ne, ya ba shi labarin a taƙaice. Mutumin ya ce to a sa sunan da surukar ta sa mata mana, ko a cire layin, gurbi wofi yana ɓata shafi. Dusik, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa murya a waya ba, ya ce in aka taɓa layin nan zai zo da kansa. Haka littafin ya fito. A saman Yongdal akwai layi ɗaya: 'ya mace, an haife ta a watan uku, ta tafi da wuri. Inda suna zai zauna fari ne, bai fi faɗin ɗan yatsa ba. Can gaba, a gidan Baba Manho, akwai irinsa guda biyu, su da sunayensu.

Furanni suka fito a dutse kamar kullum. Da safen ranar miyar Dusik ya fito wanke fuska, idonsa ya kai kan katanga da kansa. Ba kowa, ba komai, sai zagayen da gindin kwano ya ci a jikin dutsen.

Ya shiga madafa ya ce wa Malsun ta nuna masa inda ganyen teku yake. Ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi fuskarsa, ta miƙo masa. Ya jiƙa da yawa har ya cika kwano ya tumbatsa, ya soya da man riɗi ya kusa ƙonawa, gishiri kuma ya zarce. Ba ta karɓe masa ba. Ya zuba a kwanon da ya fi kyau, ya fito da shi da hannu biyu, ya ɗora a kan zagayen.

Ta can ɓangaren an kulle ƙofofi, ciyawa ta fara tsirowa tsakanin randuna. Keken na nan a ƙarƙashin rumfa inda Malsun ta jingine shi, da tubalinsa a ciki. Dusik ya buɗe baki zai ce a zo a sha tun da zafi, sai ya tsaya, don ba a kiran yaro cin abinci ba suna. Ya dafa katangar. Tururin ya yi ta tashi yana karkata wajen dutse, har ya daina.